Ruwa Biyu: Zalunci da Talauci da Wariyar Launin Fata a Wasu Tsofaffin Finafinai

1.0 Gabatarwa

Kafin kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, ta hanya biyu mutumin ƙasar Kano yake ganin hoto mai motsi. Ta farko ita ce majigi, wanda motar hukuma take kawowa ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a kafa farin ƙyalle bayan sallar lisha, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga da gyaɗa ko yadda ake tsabtace gida. Ta biyu ita ce silima, wadda sai an shiga birni an biya kuɗin ƙofa, kamar Rex da aka buɗe a 1937, da Palace ta unguwar Jakara a 1952, da irin su Plaza da Orion da suka biyo baya. Mutumin Madobi ko Kura ko Bunkure majigi ya fi sani. Silima kuwa sai wanda fatauci ko cirani ya kai shi birni, shi ma ba ya son a ji a gida cewa ya shiga, balle bayan gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayukan mutum fiye da 300, jama'a kuma suka ɗauke ta a matsayin ishara. Sai da talabijin da bidiyo suka yawaita a shekarun 1980 da 1990 sannan finafinan silima suka iso ƙauye sosai.

Wannan maƙala za ta dubi wasu daga cikin tsofaffin finafinan da suka taɓo zalunci da zubar da jini da talauci da wariyar launin fata, waɗanda ko dai a kan ƙasar Hausa aka yi su, ko kuma Hausawa sun karɓe su hannu bibbiyu. Za a fi tsayawa a kan guda biyu, wato Mother India na 1957 da Shehu Umar na 1976, sannan a ɗan leƙa wasu uku. An zaɓi a kalle su daga ƙasar noman rani da ke kudu da birnin Kano, domin akwai abin da manomin wannan yanki zai gani a cikinsu wanda ɗan birni zai iya wucewa bai lura ba. Ai ko kalmar jigo da malaman adabi suke koyarwa a aji daga lambu aka aro ta, wato itacen nan da ake ɗaura wa guga a ɗebo ruwa a ba shuka.

Abin da nazarin ya tarar shi ne, waɗannan finafinai sun fi ƙarfi a inda suke nuna yadda zalunci yake aiki: ta hannun wa yake bi, da wace takarda, da wace shaida. Rauninsu yana bayyana ne idan aka zo kan yadda za a yi da fushin wanda aka zalunta. A nan kowanne ya kama hanyarsa, kuma hanyar da ya kama tana nuna wanda ya yi fim ɗin da zamanin da aka yi shi.

2.0 Mother India: Ruwan Bashi da Ruwan Kanal

Hausa ta haɗa abu biyu a kalma ɗaya. Abin da ake ba shuka ruwa ne, abin da mai ba da bashi yake ɗorawa a kan uwar kuɗi shi ma ruwa ne. Mehboob Khan, wanda ya shirya Mother India, bai ji Hausa ba, amma fim ɗinsa a tsakanin waɗannan ruwa biyu yake gudana daga farko har ƙarshe.

Fim ɗin ya fara ne da ranar da aka gama haƙa babbar hanyar ruwa, irin wadda manomanmu suke kira kanal, zuwa wani ƙauye na Indiya. Mutanen gari suka zo suka roƙi wata tsohuwa mai suna Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, ta zo ta buɗe ƙofar ruwan da hannunta. Daga nan sai aka koma baya. Uwar mijinta ta ci bashin rupi 500 a wurin wani mai ba da rance, Sukhilala, domin a yi bikin auren. Da aka zo biya sai gardama ta tashi a kan sharuɗɗan bashin, dattawan gari suka zauna, suka ba mai takarda gaskiya. Tun daga ranar kashi uku cikin huɗu na amfanin gonar yake tafiya gidan Sukhilala a matsayin ruwa kawai, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. Mijin, Shamu, ya yi ƙoƙarin sheme wani fako mai duwatsu don ya ƙara gona, dutse ya danne masa hannuwa biyu ya rasa su, gorin mutane ya ishe shi ya bar gari cikin dare bai sake dawowa ba. Shanun noma suka tafi, Radha ta ɗauki garma a kafaɗarta. Ambaliya ta zo ta cinye amfanin gona da gidaje, ta rasa 'ya'ya, Sukhilala ya yi mata tayin abinci a bakin mutuncinta ta ƙi. 'Ya'ya biyu suka rayu, Ramu mai haƙuri da Birju mai zafin zuciya. Birju ya girma da ƙullin wannan bashi a ransa, aka kore shi daga gari, ya zama ɗan fashi, ya dawo ranar auren 'yar Sukhilala ya kashe uban ya ɗauke amarya a kan doki. Uwarsa ta ɗauki bindiga ta harbe shi. Da aka dawo ranar buɗe kanal, ruwan da ya kwararo gona ja ne kamar jini.

Inda fim ɗin ya yi fice shi ne littafin bashi. Sukhilala ba shi da dakaru, ba ya ɗaukar makami. Abin da yake da shi alƙalami ne da littafi, a garin da kusan babu mai iya karanta abin da aka rubuta a ciki. Dattawan da suka yanke hukunci ba mugaye ba ne, sun ga rubutu ne suka ji tsoronsa. Duk malamin makarantar da yake neman abin da zai nuna wa iyayen yara amfanin karatu da lissafi, da wuya ya sami abin da ya fi wannan. Kuma babu manomin da zai kalli yadda ake auna hatsi a masussuka, mai bashi yana tsaye da mudunsa, bai tuna da ba-da-kaka ba, wato a karɓi kuɗi ko taki da bazara a biya da buhu idan an girbe, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Jinginar gona ma haka. Wannan na cikin dalilan da suka sa fim ɗin ya yi shekaru ana maimaita shi a silimun Kano ba a gaji ba, ban da waƙoƙin Naushad da kowa ya haddace ba tare da ya ji Indiyanci ba. Daga baya ma samarin Kano sun laƙaba wa Sanjay Dutt sunan ɗan daba mai lasin, shi kuwa ɗa ne ga Nargis da Sunil Dutt, wato Radha da Birju, waɗanda suka yi aure a 1958.

Sunan fim ɗin kansa martani ne ga wariyar launin fata. A 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi mai wannan suna, inda ta siffanta Indiyawa a matsayin mutanen da ƙazanta da lalacewar ɗabi'a suka hana su cancantar mulkin kansu. Shekara talatin bayan haka, shekara goma da samun 'yancin Indiya, Mehboob Khan ya ƙwato sunan ya ɗora shi a kan mace mai kamun kai wadda yunwa ba ta sa ta sayar da mutuncinta ba.

Sai dai wannan niyya ta wanke ƙasa ita ce ta jawo wa fim ɗin babban rauninsa. Birju shi kaɗai ne a garin ya ce lissafin nan ƙarya ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma mai fim ya yi ta ɗora masa laifuffuka, tsokanar 'yan mata da caca da sata, har ya kai shi ga ɗauke amarya, domin idan uwarsa ta harbe shi mai kallo ya ce ta yi daidai. An ɗora yatsa a kan sikeli ke nan. Sukhilala da ya nemi keta mutuncin Radha a lokacin da 'ya'yanta suke kukan yunwa, garin bai taɓa kiransa gaban dattawa ba. Mutuncin 'yarsa ne ya zama mutuncin gari. Haka kuma fim ɗin bai gaya mana a hannun wa gonakin suke ba a ranar da ruwa ya iso. An nuna motocin noma, an nuna manyan mutane da furanni, an bar mai kallo ya ɗauka cewa zuwan kanal shi ne ƙarshen bashi. Zamanin Nehru ne, lokacin da ake ganin madatsar ruwa ita ce maganin talauci. Abin da ya ceci ƙarshen fim ɗin shi ne jan ruwan nan, domin ya nuna cewa mai fim ya san akwai wanda ya biya.

2.1 Abin da Ya Biyo Bayan Buɗe Ruwa a Ƙasarmu

Mutanen wannan yanki sun ga abin da fim ɗin bai nuna ba, domin su labarinsu daga inda ya tsaya ya fara. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta Kadawa zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, aikin kuma ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are bayan kafa ta a 1976. Ba mai musun alherin da aka samu. Alkama da tumatir da albasa da shinkafa sun mai da rani lokacin aiki, matasan da a da suke tafiya cirani suka sami abin yi a gida, har maƙwabta irin su Madobi suka amfana da ƙwadago da kasuwa. Amma dubban mutane sun tashi daga gidajensu da gonakinsu inda tafkin Tiga ya kwanta. A filin aikin kuma an karɓi gonaki an baje su, aka mayar wa masu su bayan an rage wani kaso saboda hanyoyin ruwa da na mota. Noman alkama yana son taki da iri da kuɗin motar noma da kuɗin ruwa, duk a lokaci guda, saboda haka wanda ba shi da jari sai ya ba da gonarsa haya ga mai hali, shi ya koma ɗan ƙwadago a cikinta. Tina Wallace ta Jami'ar Ahmadu Bello ta rubuta wannan a binciken da ta yi a yankin a ƙarshen shekarun 1970. Ruwan kanal ya zo, ruwan bashi bai tafi ba.

Akwai kuma abin da ya sha bamban da Radha. A wannan lokacin ne matan karkara da suke ƙwadago a gonar kayan lambu ta wani kamfanin Turawa a Kadawa suka yi yajin aiki a kan kuɗin da ake biyansu, abin da wata mai bincike, Sam Jackson, ta wallafa a 1978. Waɗannan mata ba su ɗauki bindiga ba, ba su kuma sunkuyar da kai ba. Wannan hanya ta uku babu ita a Mother India.

3.0 Shehu Umar: Bauta da Launin Fata

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne domin gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976 da kuɗin Gwamnatin Tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Fim ne mai tsawon sa'a biyu da minti ashirin da 'yan kai, kuma ya bi sawun littafin sosai.

Malaman makaranta sun san labarin. Almajirai a Rauta, kusa da Bauci, suka tambayi malaminsu asalinsa. Ya ce a Kagara aka haife shi, uba ya rasu, uwa ta auri Makau, bafaden sarki. Aka je harin bayi ƙasar Gwari, aka dawo, fadawa 'yan'uwansa suka yi masa sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi. Uwa ta tafi ganin iyayenta, aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin dillalin bayi a Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar ta fito nemansa, aka yaudare ta a Kano aka sayar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus tana shan wuya. Sun sadu a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarin, Umar ya tsira.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Kura. Rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda marinan wannan yanki suke rinawa a buga, ta ita yake bi zuwa hannun Buzaye da kasuwannin hamada. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851 bayan ya biyo ta Murzuk, ya rubuta cewa tufafi da bayi suna cikin manyan abubuwan da Kano take fitarwa. Wato raƙumin da ya ɗauki turkuɗi, a ayarinsa irin su uwar Umar suke tafiya a ƙasa. Turawa sun ci Kano a 1903, sun hana kasuwar bayi, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da aka buga littafin akwai bayi da ransu a rinji da gandaye.

Ƙarfin wannan labari shi ne bai ɗora wa baƙo laifin duka ba. Waɗanda suka kai hari Hausawa ne, wanda ya saci yaro na gida ne, dillali na Kano ne, wanda ya yaudari uwa ya sayar da ita ya san sarai 'ya ce kuma Musulma. Fim ɗin ya nuna bauta a matsayin sana'a mai dillalai da farashi da masauki, wadda ba ta bukatar mugun mutum kafin ta gudana. Samun ɗan Arewa ya rubuta haka a 1933, da samun gwamnati ta zuba kuɗi a nuna shi a 1976, ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai wurin da ya kamata malami ya tsayar da ɗalibansa. Zaluncin farko da labarin ya nemi mu ji zafinsa shi ne sharrin da aka yi wa Makau. To, a kan me aka yi masa sharrin? A kan adadin mutanen da ya kamo. Mutanen nan na ƙasar Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da aka ɗebo daga gonakinsu, ba su da suna, ba su da uwa mai nemansu, lissafi ne kawai a gaban sarki. Mai kallo yana tausayin Makau domin an ce ya ci amana alhali bai ci ba, ya manta cewa amanar da ya riƙe ita ce ta kai 'ya'yan wasu fada cif-cif. Adamu Halilu yana da damar da marubucin 1933 ba shi da ita, ta ya tsayar da kyamara a kan waɗannan fuskoki ya ba su nauyin da aka ba Umar. Biyayyarsa ga littafin ta rinjaye shi.

Batun launin fata kuwa a lulluɓe yake. Ɗa da uwa sun tsallaka hamada ɗaya, ɗaya ya zama limami, ɗaya ta zama baiwar da ake wulaƙantawa, kuma labarin ya bar bambancin a kan sa'ar ubangida: wannan ya dace da na kirki, waccan ba ta dace ba. Ba a tambayi dalilin da ya sa da zarar baƙar mace ta isa Murzuk ake ɗaukarta baiwa har sai ta kawo shaida ba. Tambayar kuwa tsohuwa ce. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa ta a fatawar da mutanen Tuwat suka nema, inda ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Ba don ana yi ba, da ba a nemi fatawa ba.

Wataƙila zamanin ne ya sa aka yi taka-tsantsan. An shirya fim ɗin ne domin bikin FESTAC da aka yi a Legas a farkon 1977, bikin da kafin a fara shi aka yi ja-in-ja tsakanin Nijeriya da Sanagal ta Shugaba Senghor a kan ko Larabawan arewacin Afirka za su shiga a dama da su. Nijeriya ce ta tsaya a kan sai sun shiga. Ƙasar da ta ɗauki wannan matsayi ba za ta so fim ɗinta ya zama tuhuma ga baƙinta ba. Fushi dai babu shi a Shehu Umar. Shehun yana ba da labarin sace shi da sayar da uwarsa da murya ɗaya da wadda yake ba da karatu, komai ya koma ga ƙaddara da haƙuri. Wannan ya dace da halin malamin da ake siffantawa, yana kuma da kwarjininsa. Illarsa ita ce babu ko mutum ɗaya a cikin labarin da ya ce sana'ar kanta haramun ce. Tafiyar fim ɗin ma a hankali take, zaman fada da gaishe-gaishe suna da tsawo, alamar asalinsa na dandamali. Dattijo zai ji daɗin wannan saboda Hausar da tufafin da tsarin zaman, yaron da ya saba da finafinan bidiyo kuwa sai an lallashe shi.

Bayan FESTAC fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano asalin faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, da ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a Fabrairun 2018. Wata uku kafin nan, a Nuwamban 2017, gidan talabijin na CNN ya nuna hoton yadda ake gwanjon baƙaƙen fata 'yan ci-rani a Libiya, waɗanda akasarinsu ta Agadas suka bi suka ratsa yankin da Murzuk take.

4.0 Bature a Gaban Kyamara

Inda aka fito da wariyar launin fata fili shi ne finafinan da suka shafi zuwan Turawa. Sarraounia, wanda Med Hondo ɗan Muritaniya ya yi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, ya ɗauko tarihin ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wanda ya ratsa ƙasar Hausa ta arewa a 1899 yana ƙone garuruwa. Sun yi yaƙi da Sarauniya Mangu ta Aznan Lugu a watan Afrilu, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayu. Da labari ya kai Faransa aka aiko Kanar Klobb ya karɓe ragamar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Abin yabo a nan shi ne Med Hondo ya nuna cewa Turawan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Masu harbin da masu ɗaukar kayan da tafintan duk 'yan Afirka ne, ana biyansu da ganima da matan da aka kama, ana kuma zaginsu da launinsu a lokaci guda. A nan fushin wanda aka zalunta ya sami makami, ya kuma sami girma. Sai dai fim ɗin ya fi daɗewa a zangon Voulet fiye da garin Sarauniya, har mai kallo ya fi sanin haukan Bature fiye da tunanin matar da aka sa wa fim ɗin sunanta. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ba da Hausa jarumarsa take magana ba, abin da ya rage masa isa ga mutanen da tarihin ya shafa. Haka nan ya nuna sarakunan Musulmi na yankin a matsayin masu ƙyamar Sarauniya saboda addininta fiye da yadda suke tsoron Bature. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma mai kallo na ƙasar Kano, wanda ya san abin da ya faru a Kwatarkwashi da Giginya da Burmi a 1903, zai ga an taƙaita.

Mister Johnson na Bruce Beresford, wanda aka ɗauka a arewacin Nijeriya aka fitar a 1990, bai kai wannan ba. Daga littafin Joyce Cary na 1939 aka ɗauko shi. Akawu ne ɗan kudu mai son zama Bature, ya taimaki jami'in mulki ya gina hanya ta hanyar murɗa lissafin baitulmali, aka kore shi, ya kashe wani Bature mai kanti da ya saba dukansa, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi ubangidansa ya harbe shi da hannunsa. Maynard Eziashi ya yi wasa mai kyau har ya sami kyauta a Balin a 1991. Amma fim ne da yake ƙyamar wariya da baki yana aikata ta da kyamara: talakawan da suka haƙa hanyar da hannunsu taro ne kawai na masu kiɗa da rawa, sarki da wazirinsa kuma 'yan makirci.

5.0 Ƙasarmu Ce

A 1991 Saddik Ɓalewa, ɗan marubucin Shaihu Umar, ya fitar da Ƙasarmu Ce, fim na Hausa. Wani attajiri, Alhaji Malek, ya gano akwai duwatsu masu daraja a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, ya shiga neman mallake su ba tare da masu su sun san dalili ba. Aka kashe dattijon da ya tsaya masa a gaba, jikansa Sani ya tashi bin kadi. Shekara 57 ke tsakanin littafin uba da fim ɗin ɗa, kuma abin da ya sauya a bayyane yake: saurayin da ya ce bai yarda ba shi ne jarumi, ba a harbe shi don a wanke gari ba, ba a kuma ce ya yi haƙuri ba. Fim ɗin ya fahimci cewa talaucin manomi daga rabuwa da gona yake farawa, kuma mai raba shi da ita yana bi ne ta hannun na gida.

Inda ya sauƙaƙa shi ne ya ba zalunci fuska ɗaya, ta mutum ɗaya da za a iya nunawa da yatsa. Abin da ya faru a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, bai zo da wannan sauƙi ba. An gama madatsar a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, manoma suka yi shekaru suna jiran diyya da gonakin da aka ce za a mayar musu, suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Alƙaluman hukuma ba su kai mutum talatin ba, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A can babu Alhaji Malek guda ɗaya. Akwai hukumar raya kogi, da ɗan kwangila, da ma'aikatan auna gona, da takardar diyya wadda yawancin masu gonakin ba sa iya karantawa.